Hannun Hagu Babu Lalle

Tun da na yi wayo ban san ainihin launin tafin hannun Inna ba. Kullum ja ne, wani lokaci har ya koma baƙi-baƙi don ƙunshi ya hau kan ƙunshi. Ba ta son zanen fulawa irin na 'yan mata, dungulmi take yi, wato a lulluɓe tafi da yatsu da farce gaba ɗaya da lalle, a zura hannun cikin zunguru, a zauna ana hira har ya kama. A wurinta macen da hannunta ba lalle ko dai tana takaba ko kuma ƙazama ce, babu ta uku. Ko a takabar babanmu, da dole ta sa ta bari, cikin mayafi ta riƙa ɓoye hannuwan kamar ta yi sata.

A Karshi sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Idan na rufe ido yanzu ina ganin rumfar nan ta bayan gida, rufinta ya yi baƙi ƙirin, hasken rana yana ratso hayaƙi ta ramukan kwano, ita kuma tana tsakiya a duƙe tana juya gyaɗa a kasko. Da damina itacen ɗanye ne, sai ta kwantar da kai ta yi ta hura wuta idanunta na zubar da ruwa. Muna yara mun ɗauka tari wani ɓangare ne na muryarta. Idan muka dawo daga makaranta muka jiyo shi daga ƙofar gida, mun san tana nan, akwai kuma tunkuzar da za mu lasa.

Sai da ta tsufa tarin ya nuna mana ko shi wane ne. Ta fara tsayawa hutu tsakanin ɗakinta da rijiya, sannan tsakanin ruku'u da sujada. A asibiti aka ɗauki hoton ƙirji, aka ce hayaƙin shekaru ya cinye huhun, ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa shi. Aka ba ta abin shaƙa, aka ce ta yi sallama da murhu. Ni kuwa da ma neman dalili nake, na ce ta haɗa kaya mu tafi Kubwa, inda nake haya, girkina na gas ne. Ta kafe kai da fata. Na kafe ni ma, don ba daga ƙasa na tsinto taurin kai ba. Ranar da muka taso, zungurunta ta fara sawa a jaka kafin magani.

Gidan da nake haya yana da ɗan baranda mai kallon duwatsu. Nan na shimfiɗa mata tabarma da matashi, nan kuma ta mayar fadarta. Ni da asuba nake fita neman motar cikin gari, inda nake aiki a wani ofishi, sai yamma in dawo a gajiye. Duk lokacin da na shigo zan tarar da ita a jingine, carbi a hannu, tana kallon hadari yana taruwa a kan duwatsun. Takan ce mini gizagizan Kubwa ba su da aikin yi, yawo kawai suke, na Karshi kuwa sun san gonar da za su. Idan jirgin ƙasa ya yi kuka daga nesa sai ta ɗaga hannu ta yi wa mutanen ciki addu'ar sauka lafiya, ba ta san ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ƙofarmu tana kallon ta wata mata 'yar Filato, Kirista, mai sayar da ƙanƙara da lemo a firiza. Mace ce mai faɗin ƙirji da babbar murya, Hausarta kuma ba ruwanta da mace ko namiji. Ita ke leƙa Inna idan ba na nan. Watanni kaɗan da zuwan Inna, ita ce ta fara faɗa.

"Anti, zo ka gani! Mama ya yi fari fa. Abuja ya karɓe shi."

Na duba, gaskiya ne. Inna baƙa ce, irin baƙin da wuta ta ƙara wa duhu, amma ga shi fuskarta ta washe, ta yi wani haske mai laushi. Muka ce hayaƙi ne ke fita. Yayana da ya zo daga Karshi ya zauna yana kallonta yana murmushi, ya ce da ya san haka hutu yake gyara mutum da tuni ya kawo ta da kansa. 'Yan uwa suka yi ta zuwa ganin tsohuwar da birni ya wanke. Ita kuma tana jin daɗi, tana gyara ɗaurin kallabi, tana cewa da ma can ita fara ce, wahalar 'ya'ya ta rina ta.

Sai ta tsiro da cin ƙanƙara. Matar da a da ko ruwan randa ya cika sanyi sai ta surka, yanzu ta aika a karɓo mata ƙulli guda a wurin maƙwabciya, ta fasa, ta yi ta gurgura ƙaras-ƙaras kamar mai cin aya. Na yi faɗa saboda ƙirjinta, ta yi kunnen uwar shegu da ni. Tuwo kuwa loma kaɗan take yi ta ture, ta ce tauna da numfashi ba sa haɗuwa, sai ɗaya ya jira ɗaya. Maƙwabciya tana dariya tana cewa Mama ya zama 'yar gayu, ba ya cin abinci mai nauyi.

A damina ta biyu ta fara tambayar da ta riƙa ba ni mamaki. Muna zaune da yamma, unguwa shiru, sai ta karkata kai.

"Ke, wa ke daka a gidan nan?"

"Ba kowa, Inna. Wa zai yi daka a nan, ga injin niƙa a bakin titi?"

"Ana yi mana. Mace ɗaya ce, kuma ta iya. Ba ta sauri, ba ta tsayawa."

Sai ta lumshe ido tana gyaɗa kai a hankali, tana bin sautin. Ta ce wani lokaci dakan yana kai ta har gonar gyaɗar mahaifinta, tana yarinya, ƙasa a jiƙe, furanni rawaya ko'ina, ta ji kamar ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Barci ya yi mata yawa, tana cikin magana sai ta tafi, ta dawo ta ci gaba daga wani wuri dabam. Ina son irin wannan yammacin, ba zan ɓoye ba. Ban taɓa samun Inna a zaune tana ba ni labari ba sai a lokacin. Hakin ya ƙaru, amma haki ai mun san gidansu, daga huhu yake, sai muka ƙara yawan shaƙa.

Wata Asabar da hantsi ta tashi za ta yi alwalar walaha. Ina cikin ɗaki na ji buta ta faɗi. Na fito na tarar da ita zaune a ƙasa, ta jingina da bango, baki a buɗe tana neman iska, idanunta a kaina amma ba ni take gani ba. Na ƙwalla wa maƙwabciya kira. Ita ta ɗauke ta cak kamar jaririya har bakin titi, ni ina biye da takalmi ɗaya.

Likitar da ta karɓe mu yarinya ce siririya mai tabarau. Ta sa aka maƙala wa Inna robar iska a hanci, ta saurari ƙirji, sannan ta kama hannunta ta buɗe tafin. Ta juya shi, ta duba farce, ta kama ɗayan. Duk ja wur.

"Mama, wannan ƙunshi haka, ina zan ga hannun?"

Inna, da ƙyar take magana amma sai da ta ce, "Ai shi ne hannun, 'yata."

Likita ta yi murmushi, ta sa yatsa ta ja fatar idon Inna ƙasa, ta ce in matso. Cikin fatar, inda ya kamata ya zama ja, fari ne fat. Ta ce Inna ta fito da harshe, shi ma ya koɗe. Ta tambaye ni tun yaushe ta fara haske haka. Na ce ya fi shekara, na ƙara da cewa hutu ne. Ba ta yi mini dariya ba, Allah Ya saka mata. Ta tambaya ko tana cin ƙanƙara ko farar ƙasa, ko tana jin bugu a kunne. Na ba ta labarin ƙanƙara da na mai daka. Ta ce dakan nan da Inna ke ji zuciyarta ce, take ta haƙilon tura ɗan jinin da ya rage.

Da sakamakon gwaji ya fito ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce doguwar cuta irin ta huhu tana hana jiki yin jini yadda ya kamata, ga kuma rashin cin abinci. Mai lafiyayyen huhu zai iya daɗewa da ƙarancin jini yana yawo, amma wanda huhunsa ya riga ya gaji, abu biyu ne suka haɗu masa, kuma su kan gajarta kwana idan ba a kula ba. Ni dai da motar safiya na fahimci zancen. Iskar da huhun Inna ke samowa da ma kaɗan ce, ga shi kuma motocin da za su kwashe ta su kai cikin gari sun ƙare a hanya, sai a bar fasinja tsaye a bakin titi. Na tsaya a irin wannan layin ba sau ɗaya ba, na san yadda yake.

Aka ce za a ƙara mata jini, mu kawo waɗanda za su bayar a mayar da gurbi. Nawa aka ce bai kai a ɗiba ba. Kafin in kira Karshi, maƙwabciya ta riga ta naɗe hannun riga.

"Su ɗiba. Ni jini ya yi mini yawa, shi ya sa ina faɗa da mutane."

Na yi wa Inna bayani cewa ba lallai jinin matar ne za a sa mata ba, ajiye shi za a yi a ba ta wani. Ba ta saurare ni ba. Ta kwanta tana kallon ledar da aka rataya, jinin yana ɗiga a hankali, ta yanke hukunci cewa na maƙwabciya ne. Kafin leda ta biyu ta ƙare ta ce mai dakan ta tafi gida. Ta faɗa da ɗan jimami, kamar an yi baƙuwa ta tafi ba sallama.

Abin da ya biyo baya har yau idan na tuna sai in ji kamar mafarki na yi. Matar da muka kawo a hannu ta nemi tuwon dawa da miyar kuka, ta cinye. Ta dawo gida ta taka daga baranda har bakin titi, ta tsaya ta yi ciniki da mai lemo har ta ɓata masa rai. Huhun yana nan yadda yake, tarin ma haka, amma ta samu ƙarfin ɗaukarsu. Ta daina ƙanƙara, ta ce ita ba ta san abin da ya kai ta ba. Kullum maƙwabciya sai ta shigo da kofin ruwan ugu, wani ganyen miya da ake cewa yana ƙara jini, ta dama shi da madarar gwangwani, Inna ta toshe hanci ta shanye.

"Ki yi hankali da ni," in ji Inna. "Jininki na jikina. Ranar Lahadi in kika ji ina rera waƙa, ke kika ja."

"Ka zo mu tafi tare, Mama, akwai kujera a gaba."

"Allah Ya shirye ki."

Baƙinta ya dawo. Wata 'yar uwarmu da ta zo dubiya ta ja ni gefe, murya ƙasa-ƙasa, ta ce me ya samu Inna ta yi duhu haka, ko ba na kula da ita ne, da can da ta zo ai ta fi kyau. Na cika na batse. Abin da na faɗa mata ba zai rubutu ba, ta dai tafi ba ta sha ruwan da na kawo mata ba.

Likita ta ce abin zai riƙa dawowa, don tushensa yana nan. Za a ba ta maganin ƙarin jini, a riƙa gwaji, amma tsakanin gwaji da gwaji ido ne zai yi aiki. Ta ce Inna ta bar lalle, don in riƙa duba tafi da farce a gida, da na ga sun koɗe in kawo ta kafin ta faɗi. A nan aka yi ta. Inna ta ce ita mijinta ya mutu sau ɗaya, ta yi masa takaba, ba za ta yi ta biyu don likita ba. Na ce to ta zaɓa, lalle ko numfashi. Ta ce kada in kuskura in ɗaga mata murya a gidan haya. Muka kwana biyu ba ma doguwar magana. A ƙarshe ita ta kawo sulhu, tana kallon duwatsu ba ni ba.

"Ku ɗauki na hagu. Da ma ba a miƙa wa mutum abu da shi."

Haka muka zauna kallon lalle yana barin hannun hagu. Na tafin ya fara tafiya, ya koma ruwan goro, ya ɓace. Na farce kuwa sai da ya ɗauki watanni, sabon farce yana turo shi gaba kaɗan-kaɗan har ya kai baki aka yanke. Ranar da na fara ganin tafin mahaifiyata tsirara na daɗe ina riƙe da shi. Akwai tabon ƙuna a gindin babban yatsa, da wani a tsakiya, ban taɓa sanin suna nan ba. Ta fizge ta tura shi cikin mayafi.

Daga nan kowace safiya kafin in fita sai na je na kama hannun, na kai shi saitin fitila, na matsa farce na saki in ga yadda jini ke dawowa. Na ƙware har ina gane bambancin jiya da yau. Idan ya yi ja in tafi aiki da sauƙin zuciya, idan ya koɗe in wuni ina kuskure a ofis. Da wannan hannun muka ci damina da rani, muka sake ci, muka wuce inda likita ta yi tsammani. Sau da yawa mun kai ta asibiti tun kafin ta faɗi. Inna ta ga auren jikarta, ta je Karshi ta zauna nesa da rumfarta tana ba masu suya umarni.

Amma kowane ƙarin jini yana riƙe ta ƙasa da na baya. Jijiyoyinta suka ɓuya, sai an yi ta soka kafin a samu, hannuwanta duk suka yi shati. Huhun ma ya ƙara ja da baya, aka kawo tukunyar iska gida ta zauna kusa da tabarmarta. Likita ta gaya mini gaskiya, ta ce yanzu jinin kwanaki yake saya mana, ba watanni ba. Ban gaya wa Inna ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Wata Lahadi da safe na duba tafin na ga ya yi fari kamar ba a taɓa ƙara masa komai ba. Na ce gobe sai asibiti. Ta ci gaba da jan carbinta. Da la'asar, an ɗauke ruwa, rana ta fito tana haska duwatsun da suka jiƙe, ta kira ni.

"Ki kwaɓa mini lalle. Ki sa da yawa, na hannu biyu."

Ba Sallah ba, ba biki ba. Na gane abin da take nufi, na yi kamar ban gane ba. Na ce na dama kaɗai, kamar kullum. Ta cire robar hancinta don maganar ta fita sosai.

"Na sha jinin bayin Allah, ya isa haka, su ma suna so. Ƙwaya zan sha, abin shaƙa zan shaƙa, iskar nan ma ku bar mini. Amma allura da leda na yafe." Ta tsaya ta huta. "Kuma ke, kin san rabon da ki shigo da safe ki dubi fuskata? Hannu kike gaisarwa. Ni ina nan sama ina jiran ki."

Na yi faɗa. Na ce wa za ta bar ni da shi, na ce son kai ne, na ce zan kira yayana ya zo ya ji. Na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina yarinya. Ta bar ni na gama, ta mayar da robarta, ta ce ruwan ɗumi ya fi sa shi kamawa, in matsa lemon tsami kaɗan.

Na tankaɗe garin lallen, na kwaɓa, na bar shi ya tsima. Ƙanshinsa ya cika barandar, irin na ganye da ƙasa bayan ruwa. Na fara da na dama. Da na zo na hagu na riƙe shi ina kallo, fari, mara nauyi, da tabonsa biyu, na san ba zan ƙara ganinsa ba. Na ɗebo lallen na shafe tafin, na bi yatsu ɗaya bayan ɗaya, na rufe farce. Zunguru ɗaya gare ta, don haka na hagun na ba shi, na dama na ɗaure da leda. Ta jingina, hannuwa a kan cinya, ta lumshe ido. Maƙwabciya ta leƙo za ta yi tsokana, ta ga abin da ake yi, ta dube ni, ta koma ciki.

Washegari na shiga, na durƙusa, na ce Inna ina kwana. Na dubi fuskarta. Ta amsa a tsanake, ta tambaye ni gajiya, ta tambayi aiki, ta ce in sayo mata goro fari idan zan dawo. Hannuwanta biyu suna kan bargo a fili, ja wur, ba ta ɓoye ko ɗaya ba. Ban taɓa su ba, na tafi neman mota.

Ta rasu kafin a fara cire sabuwar gyaɗa, da rana, a barandarta. Matan da suka yi mata wanka sun fito suna cewa lallen ya kama ƙwarai, suka tambaya wa ya ƙunsa mata. Na ce ni ce.